Haƙƙin Lafiyar Wanda Ke Tsare: Bukatar Jiki da Tanadin Doka

Gabatarwa

Mutumin da ke da 'yancin kansa, idan ciwo ya kama shi, hanyoyi da dama ne a gabansa. Yana iya tafiya asibiti da ƙafarsa, ko ya aiki yaro kemis, ko ya buga ƙofar maƙwabci ya roƙa a kai shi wurin likita. Amma daga ranar da aka rufe shi a bayan kanta a ofishin 'yan sanda, ko aka tura shi gidan yari, waɗannan hanyoyi duk sun toshe. Ruwan da zai sha, da abincin da zai ci, da iskar da zai shaƙa, da maganin da zai haɗiya, duka suna hannun mai riƙe da mabuɗi. A kan wannan ne dokokin ƙasashe da yawa suka kafa hukuncin cewa hukumar da ta tsare mutum ita ke da alhakin kula da lafiyarsa, ko an same shi da laifi ko ba a same shi ba.

Wannan maƙala za ta fara da bayanin abin da ke faruwa a jikin ɗan Adam idan aka jinkirta masa magani. Daga nan za ta kawo misalin Steve Biko na Afirka ta Kudu, sannan ta dubi abin da kotuna da yarjejeniyoyin duniya da dokokin Nijeriya suka tanada.

Cuta ba ta jiran beli

Wasu cututtuka suna ba da sarari na makonni ko watanni, wasu kuwa sa'o'i ne kawai tsakaninsu da ajali. Ciwon sukari irin wanda ke bukatar allura misali ne mai kyau. Sinadarin insulin shi ne ke buɗe wa sukarin da ke cikin jini ƙofar shiga ƙwayoyin halittar jiki domin a ƙona shi a sami kuzari. Idan aka raba mai wannan ciwo da allurarsa, sai sukari ya taru a jini alhali ƙwayoyin halitta suna cikin yunwa. Daga nan jiki ya koma ƙona kitse, ƙonar kitse kuwa tana haifar da wasu sinadarai masu tsami da ake kira kiton. Da sun yi yawa sai jini ya yi tsami, mara lafiya ya kama ƙishirwa da yawan fitsari da amai, numfashinsa ya yi zurfi, hankalinsa ya rikice, daga ƙarshe ya suma. Wannan na iya faruwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Abin da ya ƙara munin lamarin shi ne, mai gadi wanda bai san ciwon ba yana iya ɗaukar rikicewar hankalin a matsayin maye ko taurin kai.

Haka abin yake ga mai farfaɗiya da aka yanke masa magani farat ɗaya. Farfaɗiyar kan dawo da ƙarfi, idan kuma ta wuce minti 5 ba ta lafa ba, likitoci suna ɗaukar ta a matsayin larurar gaggawa, domin tana iya illata ƙwaƙwalwa. Mai asma da aka ƙwace masa abin shaƙarsa, da mai hawan jini, da mace mai ciki da ta fara zubar jini, kowannensu yana da lokacin da idan ya wuce, gyara ya yi wuya.

Akwai kuma wata illa da mutane da yawa ba su sani ba, wato wadda duka ke yi wa ƙoda. Idan aka lallasa tsokar jiki da kulki ko bulala mai tsanani, ƙwayoyin tsokar sukan fashe su saki wani furotin mai suna mayogulobin ya shiga jini. Aikin ƙoda shi ne tace jini, to sai wannan furotin ya toshe ƙananan bututunta ya kuma lalata su, musamman idan mutum bai sami isasshen ruwan sha ba. Alamar farko ita ce fitsari ya yi duhu kamar ruwan shayi, sannan ya ragu, sannan ya ɗauke. Mutum na iya rasuwa bayan kwanaki da dukan, alhali a fatarsa ba a ganin komai sai shati. Ƙarin ruwa ta jijiya a kan kari yakan ceci ƙodar.

Tarin fuka da darasin ƙwayar cuta

Babu cutar da ta saba da kurkuku kamar tarin fuka. Masanin nan na Jamus, Robert Koch, shi ne ya bayyana ƙwayar bakteriyar da ke haddasa ta a ranar 24 ga Maris, 1882. Ƙwayar tana fita daga huhun mai cutar cikin feshin tari mai ƙanƙanta ƙwarai, wanda ke iya daɗewa yana yawo a iska. A ɗakin da ke da faffaɗan tagogi da hasken rana, iska kan kwashe feshin. A ɗakin da aka cusa mutane fiye da kima, taga ƙarama kuma can sama, iskar da wannan ya fitar ita wancan zai shaƙa dare da rana. Idan aka haɗa da ƙarancin abinci mai gina jiki da cuta mai karya garkuwar jiki, to ƙwayar ta sami gona mai taki.

Maganin tarin fuka na yau da kullum wata 6 ake yi ana shan sa, a watanni 2 na farko kuma magunguna 4 ake haɗawa. Dalilin haka darasi ne na ilmin halittu. A cikin miliyoyin ƙwayoyin da ke huhun mara lafiya, akan sami 'yan kaɗan waɗanda, saboda wani canji a ƙwayar gadonsu, ɗaya daga cikin magungunan ba ya kashe su. Idan ana shan magungunan gaba ɗaya ba fashi, wadda ta tsere wa wannan magani sai wancan ya kama ta. Idan kuwa ana ba da magani yau a hana gobe, ko a ba da ɗaya a rasa uku, masu rauni ne za su mutu, masu juriya su sami fili su hayayyafa. Ta haka ake samun tarin fukan da ba ya jin magani, wanda jinyarsa ta fi wuya da tsada. Irin wannan ne ke faruwa idan aka katse wa mai cuta mai karya garkuwar jiki maganinsa.

Ya kamata a lura cewa katangar kurkuku mutum take hana fita, ƙwayar cuta kuwa ba ruwanta da katanga. Gandirobobi suna komawa gida wurin iyalinsu kullum, 'yan'uwa suna zuwa ziyara, waɗanda aka sallama suna komawa unguwanninsu. Saboda haka kula da lafiyar ɗaurarru wani ɓangare ne na kula da lafiyar gari baki ɗaya.

Abin da ya sami Steve Biko

Steve Biko ɗan gwagwarmaya ne da mulkin wariyar launin fata, ya kuma taɓa karatun likita a Jami'ar Natal. An kama shi a ranar 18 ga Agusta, 1977, a wani shingen 'yan sanda kusa da garin Grahamstown, aka tsare shi a birnin Port Elizabeth, wanda yanzu ake kira Gqeberha. A ranar 6 ga Satumba aka kai shi ofishin 'yan sandan tsaro domin yi masa tambayoyi, a can ne kuma ya sami mummunan rauni a ka.

Washegari aka kira likitan gwamnati, Dokta Ivor Lang. Ya tarar da Biko da tsagewar leɓe da kumburin hannu da ƙafa, maganarsa ba ta fita sosai, tafiyarsa kuma da tangaɗi. Duk da haka ya rubuta takardar shaida cewa bai ga alamar wata cuta ba. 'Yan sanda kuwa suka dage a kan cewa ciwon ƙarya yake yi. Bayan haka shugaban Lang, Dokta Benjamin Tucker, ya duba shi, sannan aka kira wani ƙwararren likita, Dokta Colin Hersch.

Abubuwa biyu da gwaji ya nuna sun cancanci bayani. Na farko, idan aka shafi tafin ƙafar baligi mai lafiya da wani abu mai ɗan tsini, daga diddige zuwa yatsu, babban yatsa ƙasa yake lanƙwasawa. Idan ya ɗaga sama, alama ce ta lahani a hanyar saƙonni da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta laka. Likitan Faransa Joseph Babinski ne ya bayyana wannan alama a 1896, shi ya sa ake kiran ta da sunansa. A jikin jariri ɗagawar ba aibi ba ce, domin jijiyoyinsa ba su gama nuna ba, amma ga mai shekara 30 irin Biko babban gargaɗi ce. An ga wannan alama a ƙafarsa. Na biyu, ƙwaƙwalwa da laka suna cikin wani ruwa garai-garai da ke kare su daga girgiza. Da aka zuƙo wannan ruwa da allura daga gadon bayan Biko, sai aka sami jajayen ƙwayoyin jini a ciki. Mai ciwon ƙarya yana iya yin nishi ko ya ƙi magana, amma ba shi da ikon sa jini a ruwan lakarsa.

Ƙoƙon kan baligi akwati ne na ƙashi wanda ba ya buɗewa. Idan kai ya bugu da bango da ƙarfi, ƙwaƙwalwa kan girgiza ta bugi ƙashin ta ciki, sau da yawa ma a ɓangaren da ke daura da inda aka bugu. Daga nan sai ta kumbura, kuma tun da babu wurin da kumburin zai tafi, sai ya matse jijiyoyin jini. Ƙwaƙwalwa ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita, don haka ba ta jure ƙarancin jini. Irin wannan mara lafiya gadon asibiti yake bukata, da ma'aikatan jinya masu duba shi a kai a kai.

Maimakon haka, a ranar 11 ga Satumba aka mayar da Biko ɗakin tsaro na 'yan sanda, inda aka tarar da shi a yashe, kumfa a bakinsa. Dokta Tucker ya ba da shawarar a kai shi asibiti, 'yan sanda suka ƙi, shi kuma ya amince a ɗauke shi zuwa Firitoriya. Aka sa shi tsirara a bayan mota Land Rover, aka yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 da shi cikin dare, ba ma'aikacin lafiya, ba takardun jinyarsa. Ya rasu a kurkukun Firitoriya ranar 12 ga Satumba, 1977. Da farko ministan shari'a, Jimmy Kruger, ya danganta rasuwar da yajin cin abinci, amma binciken gawa ya nuna mummunan rauni a ƙwaƙwalwa, wanda ya jawo daskarewar jini a jijiyoyi da gazawar ƙoda.

Majistaren da ya binciki mutuwar a ƙarshen 1977 ya ce babu wanda za a ɗora wa laifi. Majalisar kula da aikin likitoci ta ƙasar ma ta ƙi hukunta kowa. Sai da wasu likitoci, cikinsu har da Frances Ames da Phillip Tobias, suka kai majalisar ƙara kotu, sannan a 1985 aka tilasta mata sauraron maganar. Aka sami Lang da Tucker da saɓa ƙa'idar aiki. Lang aka yi masa gargaɗi, Tucker kuwa aka soke sunansa daga rajistar likitoci, sai a 1991 aka mayar da shi bayan ya nemi gafara. 'Yan sandan da ke da hannu sun nemi afuwa a gaban Hukumar Gaskiya da Sulhu a 1997, hukumar ta ƙi yi musu. Har yanzu ana karantar da wannan lamari a makarantun likita a matsayin misalin likitan da ya fifita umarnin mai tsaro a kan bukatar mara lafiya.

Ma'aunin kotunan Amurka

Shekara guda kafin rasuwar Biko, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Estelle da Gamble. Gamble fursuna ne a jihar Texas, wanda dammen auduga ya faɗo masa yana sauke kaya a 1973, ya ji ciwo a baya. Mai shari'a Thurgood Marshall ne ya rubuta hukuncin a 1976, inda kotun ta ce yin biris da gangan da babbar larurar lafiyar fursuna ya saɓa wa gyara na 8 na tsarin mulkin ƙasar, wanda ya haramta horo na rashin imani. Hujjar kotun ita ce, fursuna ba shi da wanda zai dogara da shi sai hukumar kurkuku, idan ta ƙi, to babu wata mafita.

Sai dai kotun ta bambanta ganganci da kuskure. Ma'aikatan lafiya sun duba Gamble sau 17 cikin wata 3, don haka aka ce rashin ɗaukar hoton bayansa, in ma laifi ne, sakacin aiki ne da za a nemi diyyarsa a ƙarƙashin dokar jiha. A 1994, a shari'ar Farmer da Brennan, kotun ta ƙara fayyace cewa dole mai ƙara ya nuna jami'in ya san da haɗarin, ya kuma kau da kai. Wannan ma'auni yana da wuyar cikawa, shi ya sa rubutaccen ƙorafi da shaidu ke da muhimmanci. A 2011 kuma, a shari'ar Brown da Plata, kotun ta tabbatar da umarnin cewa jihar Kalifoniya ta rage cunkoson gidajen yarinta zuwa kashi 137.5 cikin 100 na adadin da aka gina su dominsa, saboda cunkoson ne babban abin da ya hana a kula da marasa lafiya.

Ƙa'idojin Nelson Mandela

Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara tsara ƙa'idojin kula da fursunoni a 1955. A watan Disamba na 2015 babban taronta ya amince da sabunta su, aka kuma sa musu sunan Nelson Mandela, wanda ya yi shekara 27 a ɗaure, ya kuma kamu da tarin fuka a kurkukun Pollsmoor a 1988. Ƙa'idojin guda 122 ne. Ta 24 ta ce kula da lafiyar fursuna nauyi ne a kan gwamnati, kyauta, kuma daidai da irin kulawar da ake samu a cikin gari. Ta 27 ta ce a gaggauta kai mai larurar gaggawa ga likita, kuma hukuncin da ya shafi jinya na ma'aikatan lafiya ne kaɗai, jami'in da ba na lafiya ba ba shi da ikon soke shi. Ta 30 ta ce a duba lafiyar kowane fursuna da zarar an shigo da shi. Ta 34 ta wajabta wa likita ya rubuta duk alamar azabtarwa da ya gani, ya kuma kai rahoto. Ta 71 ta ce duk mutuwar da ta auku a tsare, sai wata hukuma mai zaman kanta ta bincike ta. Waɗannan ƙa'idoji ba su da ƙarfin yarjejeniyar da ƙasa ta sa wa hannu, amma kotuna da hukumomin kare haƙƙi suna auna ayyukan gwamnatoci da su.

A kurkukun Pollsmoor ɗin nan ne wani mai jiran shari'a ya zauna daga 1999 zuwa 2004, ya kamu da tarin fuka, daga baya kuma aka wanke shi daga tuhuma. A 2012 Kotun Tsarin Mulki ta Afirka ta Kudu ta ce gwamnati ce ke da alhakin cutar tasa, domin ba ta ɗauki matakan da suka dace na hana yaɗuwarta ba.

Matsayin doka a Nijeriya

Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi, wadda aka amince da ita a Nairobi a 1981, ta hau kan Nijeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Cadi da Sudan. Nijeriya ma ta mayar da ita dokar cikin gida a 1983. Sashe na 5 ya hana azabtarwa da wulaƙanci, sashe na 16 kuma ya tabbatar da haƙƙin lafiya. A 1998 Hukumar Afirka mai kula da wannan yarjejeniya ta yanke cewa gwamnatin soja ta keta sashe na 16 a kan marubuci Ken Saro-Wiwa, wanda aka rataye a 1995, domin likitan kurkuku ya nemi a kai shi asibiti aka ƙi. Hukumar ta ce nauyin gwamnati ƙaruwa yake idan mutum yana hannunta. A 2004 kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Fatakwal ta saurari ƙarar wasu masu jiran shari'a su 4 da ke ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, ta ce barin su ba magani ya saɓa wa tsarin mulki da yarjejeniyar Afirka, ta ba da umarnin a kai su asibiti.

Tsarin mulkin 1999 ya kare rai a sashe na 33, ya kare mutunci a sashe na 34. Sashe na 35 ya ce a gurfanar da wanda aka kama a kotu cikin kwana 1 idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in ba haka ba cikin kwana 2. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta umarci manyan majistarori su riƙa kai ziyarar duba ofisoshin 'yan sanda kowane wata. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta ba wanda aka tsare damar neman likita mai zaman kansa, wanda shi ya zaɓa, ya duba shi bayan an yi masa tambayoyi. Dokar 2019 kuwa ita ce ta sauya sunan hukumar gidajen yari zuwa hukumar gyaran hali.

Idan aka hana wanda ke tsare magani, 'yan'uwansa suna da matakan da za su bi. Su sanar da babban jami'in wurin a rubuce irin ciwon da sunan maganin, su haɗa da katin asibiti, su ajiye kofe mai kwanan wata. Wannan takarda ita za ta hana a ce ba a sani ba. Idan ba a ji ba, sashe na 46 na tsarin mulki ya ba da damar kai ƙara babbar kotu, wadda ke da ikon umartar a kai mutum asibiti ko a biya diyya, kuma rashin lafiya mai tsanani na cikin abubuwan da alƙali kan duba wajen ba da beli. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya zuwa Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995.

Kammalawa

An ga yadda jinkirin sa'o'i ko kwanaki ke iya lalata ƙwaƙwalwa ko ƙoda, da yadda katse magani ke haifar da ƙwayar cutar da ba ta jin magani. An kuma ga cewa kotu, idan ta ɗaure mutum, 'yancin walwalarsa ta karɓe, ba ta yanke masa hukuncin ciwo ba. Mai jiran shari'a kuwa ko wannan hukunci ba a yi masa ba tukuna. Daga cikin ɗaliban sakandare na yau ne za a sami likitoci da ma'aikatan jinya da 'yan sanda da gandirobobi da alƙalan gobe. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yana da kyau malamai, idan sun zo darasin ƙoda ko ƙwaƙwalwa ko yaɗuwar cututtuka, su haɗa da bayanin wannan haƙƙi, domin ɗalibi ya tashi da sanin cewa mara lafiyar da ke bayan ƙofar ƙarfe yana da haƙƙin ganin likita kamar kowa.